Madam C. J. Walker: marainiyar da ta tashi daga wankau ta zama attajira a Amurka

Duk wanda ya bi tarihin kasuwancin Amurka zai ci karo da sunan Madam C. J. Walker, matar da kundin bajinta na Guinness ya rubuta a matsayin mace ta farko a ƙasar da ta tara miliyan da guminta, ba da gado ba. Sunanta na yanka Sarah Breedlove, kuma wanda ya ga farkonta ba zai yi tsammanin ƙarshenta ba.

An haife ta ranar 23 ga Disamba 1867 kusa da garin Delta a jahar Luwiziyana. Iyayenta, Owen da Minerva, bayi ne a gandun auduga, kuma ita ce ta farko a cikin ƴaƴansu da aka haifa cikin ƴanci. Tana shekara 7 ta rasa uwa da uba. Ta koma hannun yayarta a garin Vicksburg na jahar Misisipi, inda mijin yayar ya gallaza mata. Don ta tsira daga gidan, ta yi aure tana shekara 14. Ta haifi ɗiya, Lelia, a 1885, mijin kuma ya mutu a 1887, ya bar ta da goyo tana shekara 20.

Daga nan ta nufi birnin Sen Luwis wurin yayyenta maza masu sana'ar aski. Ta kama wankau, tana wanke tufafin mutane da hannu a kan abin da bai wuce dala ɗaya da rabi a yini ba, dalar Amurka ke nan, ba tamu ta sefa biyar ba. Da wannan kuɗin ta ci, ta biya haya, ta sa ɗiyarta makaranta.

A cikin wannan wahala gashinta ya fara zuba. Ba ita kaɗai ba ce: a zamanin gidajen talakawa ba su da famfo, mata ba sa samun wanke kai akai-akai, ga sabulu mai kaifi, amosani da ƙuraje sun yi yawa. Manyan kamfanoni ba su damu da kan baƙar mace ba. Wata baƙar fata mai suna Annie Turnbo ce ke haɗa man gashi, Sarah ta zama dillaliyarta. A 1905 ta koma birnin Denba, ta fara haɗa nata man da basilin da farar wuta. Annie ta zarge ta da kwaikwayon haɗinta, suka zama abokan gaba a kasuwa har ƙarshe.

A 1906 ta auri Charles Joseph Walker, mai harkar talla a jarida, daga nan ta ɗauki sunan da duniya ta san ta da shi. Kalmar Madam kuwa, wadda mu nan muka saba ji, ta aro ta ne daga masu sana'ar kwalliya na Faransa, a lokacin da fararen fata ba sa kiran baƙar mace da sunan girmamawa. Ta yi ta yawo gida-gida da majami'a-majami'a, tana wanke wa mata kai, tana shafa musu man, tana nuna hoton kanta kafin magani da bayansa.

Abin da ya bambanta ta da sauran ƴan kasuwa shi ne koyarwa. A 1908 ta buɗe makaranta a Pittsburgh da sunan ɗiyarta, a 1910 kuma ta kafa masana'anta a Indiyanapolis. Dubban mata da ba su da mafita sai aikatau da wankau suka koyi gyaran gashi a hannunta, suka zama wakilanta, suna samun kuɗin da ya zarce albashin aikin gida. Auren nata ya mutu a 1912, amma ta riƙe sunan, ta riƙe kamfanin.

Ko a cikin baƙaƙen fata sai da ta ƙwaci matsayinta. A taron ƴan kasuwa baƙaƙe na 1912 a Shikago, shugaban taron, Booker T. Washington, bai ba ta damar magana ba. Ta miƙe daga cikin jama'a ta ba da labarin yadda ta taso daga gonar auduga zuwa bahon wanki har ta gina masana'anta. Shekarar da ta biyo baya, sunanta na cikin jerin masu jawabi.

Da dukiya ta zauna, ba ta rufe hannu ba. Ta ba da dala 1,000 don gina cibiyar matasa baƙaƙe a Indiyanapolis. A 1917 ta tara wakilanta a Filadelfiya, inda ta ba da kyauta ga waɗanda suka fi ciniki da kuma waɗanda suka fi taimakon al'ummarsu. A shekarar ta shiga tawagar da ta je fadar White House neman dokar hana kisan gillar da gungun fararen fata ke yi wa baƙaƙe ba tare da shari'a ba. A 1919 ta yi alkawarin dala 5,000 ga ƙungiyar NAACP don wannan yaƙi.

Ba ta daɗe tana cin gajiyar arzikinta ba. Ta tare a katafaren gidanta, Villa Lewaro, a Irvington kusa da Niyok a 1918, ciwon ƙoda da hawan jini suka yi ajalinta ranar 25 ga Mayu 1919, tana shekara 51. An ƙiyasta abin da ta bari a kan kusan dala 600,000, shi ya sa masana tarihi ke jayayya kan ko ta cika miliyan ɗin. A wasiyyarta ta ware kashi biyu cikin uku na ribar kamfanin don ayyukan taimako. A 1998 gidan wayar Amurka ya buga kan sarki da hotonta, a 2020 kuma Netflix ya fitar da fim mai dogon zango a kan rayuwarta, inda Octavia Spencer ta fito a matsayinta.