Sarkin Gombe Abubakar Umaru: Shekara 48 tsakanin fada da kasuwar auduga

Wanda ya shiga Babbar Kasuwar Gombe a yau, ya ga tirelolin hatsi na fita daga Tudun Hatsi zuwa Kudu, zai iya ɗauka cewa garin tsoho ne irin su Kano ko Katsina. Alhali lokacin da aka naɗa Abubakar ɗan Umaru Sarkin Gombe a 1936, shekarun garin a matsayin hedikwatar masarauta goma sha bakwai ne kacal. Sarkin ya girmi birninsa. Ya zauna a kan gadon sarauta har zuwa 1984, kuma a cikin waɗannan shekaru 48 ne Gombe ta tashi daga mazaunin Di'o da 'yan ma'aikatansa ta zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin ciniki na Arewa maso Gabas.

Shi ne sarki na tara a gidan Modibbo Buba Yero, malamin nan Bafulatani da ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa masarautar a Gombe Abba. Kakansa, Muhammadu Kwairanga, ya yi sarauta daga 1844 zuwa 1882. Mahaifinsa, Umaru, ya hau mulki a 1898 ya tarar da ƙasa a raunane, domin Malam Jibrilla Gaini na Burmi ya shafe shekaru yana cin galaba a kan rundunonin Gombe. Ba a daɗe ba Turawa suka iso a 1902, kuma a ƙasar Gombe ne, a Burmi, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a watan Yulin 1903. Daga nan fada ta shiga ƙaura. A 1913 aka mayar da ita Nafada, a bakin kogin Gongola, inda jiragen ruwan kamfani ke iya kaiwa idan ruwa ya cika. A 1919 aka sake ɗaga ta zuwa Doma, don Turawa su kusanci ƙasar Tangale da Waja. Doma ɗin ce Gombe ta yau. Umaru ya rasu a 1922, ɗansa Haruna ya gaje shi zuwa 1935, sannan sarauta ta faɗo hannun Abubakar.

Ya gaji rawani a lokacin da takobi ya riga ya koma kube. Aikin sarki ya zama na En'e: haraji da jangali, baitulmali, kotun alƙali, 'yan doka, gidan yari, naɗin hakimai da dagatai, da kasafin shekara wanda sai Razdan na Lardin Bauchi ya sa hannu. Wanda ya saba da aikin ofis zai gane irin wannan mulki, mulkin fayil da rangadi, wanda marubuta tarihi ba su cika sha'awa ba saboda babu ƙurar dawaki a cikinsa. Amma ta wannan hanya ce aka yanke hukuncin da ya fi kowane tasiri a zamaninsa, wato barin ƙofa a buɗe ga baƙo. Kudancin masarautar, wajen Akko da Yamaltu, yana da baƙar ƙasa mai laka wadda auduga ke so, ga filaye da yawa babu mai nomawa. Hausawa daga Kano da Katsina, Barebari, Bolawa, Fulani da Terawa suka yi ta sauka, dagaci ya yanka wa mutum gona, shi kuma ya shiga littafin haraji. Garmar shanu ta karɓu a ƙasar Gombe ƙwarai, har manomi ɗaya ya iya noma abin da a da sai gayya. Kumo ta bunƙasa a wannan zamani.

Auduga ce ta ɗaure Gombe da wasu garuruwa masu nisa waɗanda yawancin manomanta ba su taɓa jin sunansu ba. A yankin Lankashaya na Ingila, garuruwa irin su Oldham da Bolton sun rayu ne da kaɗi da saƙa. Kafin gari ya waye wani mutum kan bi layi da doguwar sanda yana ƙwanƙwasa tagogin ma'aikata, su fito da takalman katako zuwa masaƙa, da yamma kuma su buɗe jaridar garinsu su duba farashin auduga a Libaful, domin shi ne zai nuna ko za a yi cikakken aiki a mako mai zuwa. Sun ɗanɗana yunwa lokacin Yaƙin Basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, da auduga ta daina zuwa. Tsoron dogara ga Amurka kaɗai shi ya sa masu masaƙu suka kafa ƙungiyar BCGA a Mancesta a 1902, don ta bunƙasa noman auduga a ƙasashen da Ingila ta mallaka. Ita ce ta kafa injinan gurza a Zariya da Funtuwa da Gusau, kuma a 1956 aka buɗe na Gombe. Har yanzu akwai unguwa a garin da ake kira da sunan BCGA, ko da yake ƙalilan ne cikin matasanta za su iya faɗin abin da haruffan ke nufi.

Abin mamaki shi ne, injin ya iso Gombe a daidai lokacin da masaƙun Lankashaya ke mutuwa. A 1959 majalisar Ingila ta yi doka ta biyan masu masaƙu diyya don su farfasa tsofaffin injinansu. Sai dai kafin nan, a 1957, Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe masaƙar KTL a Kaduna tare da kamfanin David Whitehead na garin Rawtenstall, shi ma a Lankashaya. Audugar Arewa ta fara samun mai saye a gida.

A cikin gari, shekara ta koma bin kalandar auduga. Da damina ana raba angurya ta hannun dagatai. Da kaka, idan aka buɗe kasuwannin auduga, jakuna da akori-kura kan cika hanya. Malamin auduga ya duba tsabta ya ba da daraja, a ɗora a sikeli, a biya a take. Kuɗin kan kwana kaɗan ne a aljihu. Haraji na jira, ga bikin aure, ga keke da rediyo da kwanon rufi a rumfunan 'yan tireda, wanda ya fi ƙarfi kuma ya fara tara guzurin Makka. Idan lokaci ya wuce sai umarni ya fito daga fada a tuge karan auduga a ƙone saboda tsutsa. Kasuwa ita ce gidan jaridar gari: a nan mai shela ke isar da saƙon Sarki, a nan fatake ke sauke labarin farashin Jos da Kano tare da kayansu, a nan mai boko ke karanta wa jama'a Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa daga Zariya a 1939. Daga 1962 muryar Rediyon Kaduna ta shiga cikin hayaniyar.

Sai jirgin ƙasa. A 1958 Nijeriya ta karɓi bashinta na farko daga Bankin Duniya, dala miliyan 28, don gyaran layin dogo da miƙa shi daga Kuru zuwa Barno. Layin ya kai Bauchi a 1961, ya shigo Gombe a 1963, ya isa Maiduguri a 1964. Dilolin auduga da buhunan gyaɗa suka sami hanyar teku ba tare da wahalar mota ba, unguwanni suka yi ta faɗaɗa, 'yan Kudu ma'aikata da 'yan kasuwa suka ƙaru.

Adalci ya buƙaci a faɗi cewa arzikin nan gumin manomi ne, kamar yadda Mary Tiffen ta nuna a littafinta na 1976 kan tattalin arzikin masarautar Gombe daga 1900 zuwa 1968. Kuma manomin bai ci cikakken guminsa ba. Tun 1949 hukumar ciniki ce ke yanke farashin auduga, tana saye ƙasa da abin da ake sayarwa a waje, rarar ta tafi Kaduna. Sarki ba shi da iko a kan wannan. Rabonsa a cikin al'amarin shi ne zaman lafiya tsakanin ɗan gari da baƙo, da gonar da ba a ƙwace wa wanda ya share ta, kuma masarautu da dama da ke da irin wannan ƙasa ba su jawo jama'a kamar Gombe ba. Akwai kuma abin da zamaninsa bai warware ba: an gina garin a kan yashi, nesa da kogi, don haka ƙarancin ruwa da zaizayar ƙasa suka girma tare da shi.

Rabin mulkinsa na biyu labarin raguwar iko ne. Ya zauna a Majalisar Sarakuna ta Kaduna har juyin mulkin 1966 ya rufe ta. A 1967 Gombe ta faɗa Jihar Arewa maso Gabas, ana duban Maiduguri. A zamanin Janar Yakubu Gowon aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, gyaran ƙananan hukumomi na wannan shekara ya mayar da sarakuna masu ba da shawara, sannan dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye ga gwamna. Mutumin da ya fara sarauta yana riƙe da baitulmali ya ƙare yana karɓar albashi daga hukumar da ta gaji baitulmalin. Ya jure wannan sauyi ba tare da an tuɓe shi ba, a zamanin da aka tuɓe sarakunan da suka fi shi ƙarfi, ciki har da Sarkin Kano Muhammadu Sanusi a 1963.

Ya rasu a 1984, ɗansa Shehu Usman Abubakar ya gaje shi ya yi shekara talatin. Shekara biyu bayan rasuwarsa gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, noman auduga ya shiga halin da har yau bai fita ba, masara da wake suka karɓe rumfunan da ta bari. A ranar 1 ga Oktoba, 1996, garin ya zama babban birnin jiha. Tsohon filin wasa na Gombe yana ɗauke da sunansa, jikansa Abubakar Shehu Abubakar kuma shi ke kan gadon tun 2014.