Alan Blumlein: Injiniyan sautin da Birtaniya ta ɓoye mutuwarsa

An haifi Alan Blumlein a Landan a 1903. A 1931, yana aiki da kamfanin EMI, ya nemi rajistar fasahar sitiriyo, bayan ya lura a gidan sinima cewa muryar ɗan wasa ba ta bin sa idan ya gusa a allo. Daga baya ya ƙirƙiro tsarin amfilifaya mai rage gurɓatar sauti, wanda kamfanonin kayan sauti suka runguma bayan mutuwarsa.

Da yaƙi ya ɓarke, ya koma aikin na'urar rada ta sirri. Ya mutu ranar 7 ga Yuni, 1942, yana ɗan shekara 38, a hatsarin jirgin da ake gwada na'urar. Gwamnati ta yi gum, don kada Jamus ta san girman asarar.