Mardoshe Abi Serur, malamin Yahudawa kuma falke

Mu mazauna Tamanrasset mun san gidan da aka kashe Charles de Foucauld a 1916, amma kaɗan ne cikinmu suka san Bayahuden da ya yi masa jagora a Maroko a 1883. Shi ne Mardoshe Abi Serur, haifaffen Akka a 1826, malamin Attaura kuma falke.

Tun wajen 1860 ya keta Sahara ya isa Timbuktu. Kasuwa ta karɓe shi, sai dai a shari'arsu ibadar jam'i ba ta yiwuwa sai maza baligai goma sun hallara. Riba ba ta mantar da shi wannan ba, ya koma gida ya kwaso danginsa har adadin ya cika.

Daga baya aka ƙwace dukiyarsa, jama'ar ta watse. Ya rasu a Aljas a 1886.