Philip Fisher: Mutumin da ya riƙe hannun jarin Motorola shekara 49

An haifi Philip Arthur Fisher ranar 8 ga Satumba, 1907 a birnin San Francisco da ke Jihar Kalifoniya ta Amurka. Ya karanci tattalin arziki a Jami'ar Stanford, sannan a 1928 ya kama aikin nazarin hannayen jari a wani banki da ke birnin.

Bai daɗe da fara aiki ba kasuwar hannayen jari ta New York ta durƙushe a watan Oktoban 1929. Fisher ya hango faɗuwar, amma duk da haka ya sayi wasu hannayen jari saboda ganin sun yi arha, ya kuwa tafka asara. Tun daga nan ya gane cewa arha ba ta ado, ya koma neman kamfanonin da cinikinsu zai yi ta haɓaka shekara da shekaru.

A 1931 ya kafa kamfaninsa mai suna Fisher & Co., inda yake juya dukiyar wasu tsirarun mutane. Kafin ya zuba ko sisi a wani kamfani, sai ya tuntuɓi masu sayen kayansa da masu kawo masa kaya da abokan hamayyarsa da tsofaffin ma'aikatansa. Sai ya tattara abin da suka faɗa kafin ya zauna da shugabannin kamfanin.

Ya bayyana wannan hanya a littafinsa na 1958, Common Stocks and Uncommon Profits, inda ya jero tambayoyi 15 da ya kamata mai zuba jari ya amsa. Daga ciki akwai ko kayan kamfanin na da kasuwar da za ta ci gaba da faɗaɗa, da irin amfanin da yake samu daga kuɗin da yake kashewa kan bincike, da yawan ribar da ke saura bayan an cire ɗawainiya. Ya kuma ba gaskiyar shugabanni muhimmanci, musamman ko suna fitowa su yi bayani idan al'amura sun dagule.

A 1955 ya sayi hannun jarin Motorola, lokacin da aka fi sanin kamfanin da ƙera rediyo. A 1973 injiniyan kamfanin, Martin Cooper, ya yi kiran farko da wayar hannu. Fisher bai sayar da jarin ba har ƙarshen rayuwarsa. Ya kuma zuba jari da wuri a Texas Instruments, mai ƙera kayan lantarki.

A ganinsa dalilai uku ne kawai ke sa a sayar: idan an yi kuskure wajen saye, ko kamfanin ya sauka daga ingancin da aka san shi da shi, ko an samu wanda ya fi shi nesa ba kusa ba. Ya fi son mutum ya mallaki kamfanoni kaɗan da ya sani ciki da bai. Attajiri Warren Buffett na cikin waɗanda suka ɗauki darasi daga littafinsa.

Fisher ya yi ritaya a 1999, daidai lokacin da jama'a ke rububin sayen hannun jarin duk kamfanin da ya raɓi intanet, ko da bai taɓa cin riba ba. Ma'aunin kasuwar Nasdaq ya haura maki 5,000 a Maris na 2000, kafin ya zubar da kusan kashi 78 cikin 100 zuwa Oktoban 2002. Kamfanin Pets.com ya rufe, farashin Amazon kuma ya faɗi da fiye da kashi 90, sai dai shi ya farfaɗo saboda cinikinsa bai daina ƙaruwa ba. Irin wannan bambanci ne tambayoyin Fisher ke neman ganowa tun kafin a biya kuɗi.

Shi kansa Motorola daga baya Nokia da Apple da Samsung sun sha gabansa, aka raba shi gida biyu a 2011. Wannan ya nuna cewa dole mai dogon riƙo ya riƙa sake auna kamfanin da ya amince da shi.

Fisher ya rasu ranar 11 ga Maris, 2004 a San Mateo, yana da shekara 96. Ɗansa Ken Fisher ya gaje shi a sana'ar.