ABU HURAIRA (R.A): YARON DA 'YAR KYANWA TA RAƊA WA SUNA



'Yan uwa, daga masallatan Juma'a na Dutsin-Ma har zuwa na Kurfi, da wuya liman ya sauko daga mumbari bai ambaci sunan Abu Huraira ba. Yaran Islamiyya ma sun haddace shi tun kafin su iya karatun baƙi. Amma tsayar da yaro ka tambaye shi ma'anar sunan, sai ka ga ya yi shiru, kai har wasu manyan ma. To ma'anarsa ita ce mai 'yar kyanwa. Sahabin da ya fi kowa yawan ruwaito hadisi, duniya ba ta san shi da sunan yanka ba, da sunan wata 'yar dabba da ya tausaya wa yana yaro ta san shi.

Malaman tarihi sun yi saɓani mai yawa game da ainihin sunansa, amma wanda ya fi shahara shi ne Abdurrahman ɗan Sakhr. Mutumin ƙabilar Dausu ne, wani reshe na Azdu, can kudancin tsibirin Larabawa wajen Yaman. Maraya ya tashi, ba gata, sai mahaifiyarsa. Aikinsa tun yana ƙarami kiwon tumakin danginsa, irin dai yaran da muke gani da sanda a kafaɗa suna kora dabbobi wajen ruwan Zobe. Imam Tirmizi ya kawo cewa shi da kansa ya ba da labarin inda laƙabin ya samo asali. Yana da wata 'yar kyanwa, in dare ya yi sai ya ɗora ta a bishiya, in gari ya waye ya ɗauko ta ya tafi kiwo da ita yana mata wasa. Da mutane suka ga ba ya rabuwa da ita, sai suka laƙaba masa sunan.  Manzon Allah (S.A.W) da kansa yakan kira shi da Aba Hirr cikin raha.

Musulunci ya isa ƙasarsu ta hannun Ɗufailu ɗan Amru, babban mawaƙin Dausu, kuma Abu Huraira na cikin waɗanda suka amsa. A shekara ta 7 bayan hijira, wato wajen 628 Miladiyya, ya kamo hanyar Madina. A hanya bawansa ya ɓace masa. Ya iso ya tarar Annabi (S.A.W) yana Khaibar, sai ya bi shi can. Daga baya bawan nan ya ɓullo yana zaune gaban Manzon Allah, nan take ya 'yanta shi saboda Allah. Mutumin da ba shi da komai, abu ɗaya da ya mallaka ya saki don murnar haɗuwa da masoyinsa.

A Madina ba shi da gida, ba gona, ba jari. Sai ya zauna a Suffa, wata rumfa da ke jikin masallaci inda baƙi matalauta ke kwana. Ya ce ya ga mutum saba'in daga cikinsu, babu ko ɗaya mai cikakkiyar sutura, wani yana riƙe da gyautonsa da hannu kada tsiraicinsa ya bayyana. Yunwa takan kayar da shi tsakanin mumbari da ɗakin Nana A'isha, har mai wucewa ya ɗauka farfaɗiya ce. Yakan ɗaura dutse a ciki. Ya yi barantaka wurin wata mata mai suna Busra 'yar Gazwan, ladansa abin da zai ci kawai da ɗan hawan raƙumi in ƙafa ta gaji. In an sauka ya yi hidima, in an tashi ya kora raƙuma yana rera musu waƙa don su ji daɗin tafiya. Ikon Allah, daga baya ita wannan Busra ya aura, kuma har ya tsufa yana ba da wannan labari yana godiya ga Allah.

A cikin wannan yunwa ya san waye aboki. Wata rana ya zauna a bakin hanya, Sayyidina Abubakar ya zo wucewa, ya tambaye shi wata aya, ba don bai san ta ba, sai don ko zai ce su je gida. Ya amsa masa ya wuce. Sayyidina Umar ma haka. Da Annabi (S.A.W) ya zo, kallo ɗaya ya yi masa ya yi murmushi, ya gane abin da ke fuskarsa, ya ce ya biyo shi. A gida aka tarar da ƙwaryar nono ɗaya da wani ya kawo kyauta. Abu Huraira na murna, sai aka ce ya je ya kirawo mutanen Suffa gaba ɗaya. Bai ɓoye mana ba, ya ce abin bai yi masa daɗi ba, don a ganinsa wannan nono shi kaɗai ma da ƙyar zai ishe shi. Kuma shi aka sa ya riƙa miƙa musu ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sha ya ƙoshi. Sannan aka ce ya zauna ya sha, aka yi ta ce masa ya ƙara, har ya rantse babu sauran wuri a cikinsa. Annabi ne ya sha na ƙarshe. Bukhari ya kawo wannan ƙissa. Mu'ujiza ce, amma akwai tarbiyya a ciki: an koya wa mai jin yunwa ya fara shayar da abokansa, an kuma nuna masa cewa babba shi ke zama na ƙarshe.

Bai manta da alherin Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ba. Ya shaide shi da cewa ya fi kowa kyautata wa miskinai. Yakan kwashe su zuwa gidansa ya ba su abin da ke akwai, in babu komai ya fito da tandun man shanu da ya ƙare, su tsaga shi su lashe abin da ya maƙale a ciki. Ja'afar ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8, amma Abu Huraira ya rayu kusan shekara hamsin bayansa yana ambatonsa da alheri. Abota ke nan, ba ta ƙarewa ranar da aka rufe kabari.

Shi kuwa Annabi (S.A.W), in Abu Huraira zai ambace shi yakan kira shi badaɗayinsa, wanda ya yi masa wasiyya da abu uku: azumin kwana uku kowane wata, raka'a biyu na walaha, da yin wutiri kafin barci. Mutanen Makka na kasuwa, mutanen Madina na gona, shi yana manne da Manzon Allah. Da ya koka da mantuwa, aka sa ya shimfiɗa mayafinsa, aka yi masa addu'a, ya tattara ya rungume a ƙirji, daga ranar bai ƙara manta abin da ya ji ba. Mahaifiyarsa kuwa ta daɗe tana ƙin Musulunci, har wata rana ta faɗi magana marar daɗi game da Annabi. Ya je yana kuka, ya roƙi a yi mata addu'ar shiriya. Kafin ya isa gida tana wanka, ta buɗe ƙofa da kalmar shahada. Ya koma yana kukan murna, ya sake roƙon wata addu'a, Allah Ya sanya son shi da mahaifiyarsa a zukatan muminai. Ka ga abin da maraya ya roƙa. Bai ce dukiya ba, so ya roƙa.

Malamai sun ƙirga masa hadisi 5,374, kuma Imam Bukhari ya ce mutum wajen 800 ne suka ɗauki ilimi daga gare shi, cikinsu har da surukinsa Sa'idu ɗan Musayyib. To, ɗan uwa, duba irin hadisan da Allah Ya kawo mana ta bakin tsohon makiyayin nan. Shi ya ruwaito cewa babu Annabin da bai yi kiwon tumaki ba, har Annabinmu ya yi wa mutanen Makka kiwo a kan 'yan kuɗi kaɗan. Shi ya ruwaito labarin mutumin da ya shiga rijiya ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe da baki ya hauro ya shayar da kare mai lasar ƙasa don ƙishi, Allah Ya gafarta masa, aka kuma sanar da sahabbai cewa akwai lada a kan duk mai rai. Yana cikin waɗanda suka ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Ka yi tunanin yadda mai 'yar kyanwa yake ji in yana karantar da wannan.

Ta wurinsa muka ji cewa matafiyi in ya ratsa ƙasa mai ciyawa ya bar raƙuma su ci rabonsu. Ta wurinsa muka ji hanin mai da bayan dabba wurin zaman hira. Ta wurinsa muka ji hanin ɗaure hantsar akuya ko raƙuma kwana da kwanaki don ta kumbura a yaudari mai saye, abin da ya haɗa cutar dabba da cutar mutum, dillalan kara sai a kula. Ya ba da labarin ranar da yunwa ta fito da Annabi da Abubakar da Umar, wani Ba'ansare ya ɗauki wuƙa zai yi musu yanka, aka gargaɗe shi kada ya taɓa mai shayarwa. Ya ruwaito cewa ran ƙiyama har tunkiya marar ƙaho za a rama mata abin da mai ƙaho ta yi mata. In dabba da dabba za a yi hisabi, ina ga mai dukan jaki a ka?

Akwai wanda ya haɗa darussan biyu wuri ɗaya. Wani mutum ya haye saniyarsa ya doke ta, Allah Ya ba ta magana ta sanar da shi ba don hawa aka halicce ta ba, don huɗa ne. Mutane suka yi mamaki, sai Annabi ya ce shi ya gaskata, Abubakar da Umar ma sun gaskata, alhali ba sa wurin. Dabba tana da haƙƙin kada a ɗora mata abin da ba nata ba, aboki kuma shi ne wanda za ka yi masa shaida ko ba ya nan. Haka nan shi ya ruwaito cewa mutum yana kan addinin abokinsa, abin da Bahaushe ke nufi da zama da maɗaukin kanwa. Shi ya kawo labarin wanda ya tafi wani gari ziyarar ɗan uwansa don Allah kawai, mala'ika ya tare shi da bushara cewa Allah Yana son shi. Zumunta dai a ƙafa take.

Girma bai canza shi ba. Sayyidina Umar ya naɗa shi gwamnan Bahrain, daga baya ya sauke shi ya bincike dukiyarsa. Ya bayyana cewa dawakinsa ne suka hayayyafa, ga kuma rabonsa na baitulmali da ya taru. Da aka sake yi masa tayin muƙamin, ya ƙi. A zamanin Mu'awiya, Marwan yakan bar masa riƙon Madina. Sai a gan shi a kan jaki da akumari da linzamin igiya, ko da ƙunshin itace a baya cikin kasuwa, yana raha yana cewa a ba sarki hanya. In ya tarar da yara suna wasan dare, sai ya lallaɓa ya faɗa tsakiyarsu yana buga ƙafa, su watse da gudu.

Sai ga abin da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, littafin da ke cikin zaurukan malamanmu. Humaidu ɗan Malik yana zaune tare da shi a gonarsa ta Aƙiƙ, baƙi suka sauka. Ya aike shi wurin mahaifiyarsa, ta ba da gurasa uku da ɗan mai da gishiri. Abu Huraira ya yi kabbara, ya gode wa Allah da Ya ƙosar da su da gurasa bayan zamanin da ba su da komai sai dabino da ruwa. Da baƙin suka tafi, ya juya ga Humaidu ya kira shi ɗan ɗan'uwansa, ya yi masa wasiyya da tumakinsa: ya kyautata musu, ya share musu majina, ya tsabtace makwancinsu, ya yi salla a gefensu, don suna cikin dabbobin Aljanna. Ya rantse masa cewa lokaci na zuwa da ɗan garken tumaki zai fi soyuwa ga mai shi fiye da gidan Marwan. Malamin Madina guda, ga shi yana koya wa na ƙasa da shi share hancin tunkiya.

Ya rasu a Aƙiƙ wajen shekara ta 58 bayan hijira, yana da shekara 78, aka kai shi Baƙi'a aka binne. An ce ya yi kuka a ciwon ajalinsa, ba don duniya ba, sai don nisan tafiya da ƙarancin guzuri. Allah Ya ƙara masa yarda.

Yanzu mu dawo gida. Mu a nan dabba ita ce bankin talaka. Akuya ke biyan kuɗin makaranta, shanun huɗa ke ciyar da gida, jaki ke kawo ruwa. Satar shanu ta raba gidaje da yawa a yankin Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da abin da suka tara, ta kuma taɓa wani abin da ya fi shanu tsada, wato amanar da ke tsakanin manomi da makiyayi. A da in an gama girbi, makiyayi ya sauke garkensa a gonar amininsa ya bar masa taki, matan ruga su kawo nono su koma da gero, yaransu su tashi sun san juna. Wannan amana ba za ta dawo da kanta ba, sai an sake shuka ta a zukatan yara, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wallahi muna sakaci. Yaro na jifar kare, yana harbin tsuntsu da danƙo ba don ci ba, yana zabga wa jakin amalanke sanda a kan gyambo, uba na zaune yana dariya wai yaro ne. Zuciyar da ta saba jin kukan dabba ba ta motsa ba, gobe kukan mutum ma ba zai dame ta ba. Ba wa ɗanka akuya ɗaya ka ce amanarsa ce. Ya ba ta ruwa da dusa kafin ya karya, ya share turkenta, ya kai ta inuwa in rana ta take. In ya yi kuka ranar da za a yanka ragon layyar da ya saba da shi, kada ka yi masa dariya, ka rarrashe shi, ka nuna masa yadda ake wasa wuƙa nesa da idon dabba, a yi yanka da sauƙi. Ka san su waye abokansa. In ya samu abu, ka koya masa ya fara miƙa musu kamar yadda aka yi da ƙwaryar nonon nan. Da dare kuma, maimakon kowa ya duƙufa a kan waya, ka tara su ka ba su labarin maraya mai kiwo da 'yar kyanwarsa.

Allah Ya sanya tausayi a zukatanmu da na 'ya'yanmu, Ya haɗa su da abokai na gari, Ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu da dazuzzukanmu. Amin.