Muhammad Rafi: Mawaƙin finafinan Indiya da har yau ake musu a kan matsayinsa

Ranar 31 ga watan Yulin 1980, cikin watan azumi, ciwon zuciya ya yi ajalin Muhammad Rafi a birnin Bombay, wanda yanzu ake kira Mumbai. Yana da shekara 55. Washegari dubban mutane suka raka gawarsa maƙabartar Musulmi ta Juhu ana sheƙa ruwan sama.

Fiye da shekara 40 ke nan, amma har yau idan masu son tsofaffin finafinan Indiya suka haɗu, da wuya a tashi ba a yi gardamar nan ba: tsakanin Rafi da Kishore Kumar, wa ya fi?

A ƙasar Hausa da yawa sun san muryarsa ba su san sunansa ba. Duk wanda ya yi zamanin shiga silima a Kano ko Kaduna ko Jos, ko ya riƙa kallon finafinan Indiya a talabijin, ya ji shi. A tsarin finafinan Indiya jarumi baki kawai yake motsawa, wani ne daban ya rera waƙar tun kafin a ɗauki hoton. Idan ka ga Dilip Kumar ko Shammi Kapoor ko Dharmendra, wanda Hausawa suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi, yana waƙa a fim ɗin shekarun 1960, sau da yawa Rafi kake ji.

An haife shi ranar 24 ga watan Disambar 1924 a ƙauyen Kotla Sultan Singh da ke kusa da Amritsar a yankin Punjab. Yana yaro iyalinsa suka koma Lahore, inda suke da shagon aski. A can ya yi karatun waƙar gargajiya a wurin malamai irin su Ustad Abdul Wahid Khan, kuma wannan karatu shi ne babbar hujjar masoyansa a duk musun da ake yi. Waƙarsa ta farko a fim ta fito a Gul Baloch, na harshen Punjabi, a 1944, shekarar da ya tafi Bombay. Da aka raba ƙasa a 1947, Lahore ta faɗa Pakistan, shi kuwa ya ci gaba da zama a Indiya.

Makaɗi Naushad ne ya ɗaga shi. Fim ɗin Baiju Bawra na 1952 ya nuna abin da muryarsa za ta iya: ya fara daga ƙasa a hankali, ya yi ta hawa har inda numfashin yawancin mawaƙa ke ƙarewa, ba tare da muryar ta tsage ba. Akwai waƙar addinin Hindu a fim ɗin da Indiyawa ke yawan kafa misali da ita, domin wanda ya rubuta ta, Shakeel Badayuni, da wanda ya yi kiɗan, Naushad, da Rafi da ya rera, duk Musulmi ne.

Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne yadda yake sauya murya ta dace da fuskar da za a gani. Idan Shammi Kapoor ne mai tsalle-tsalle, sai ya saki murya har da ihu. Idan ɗan barkwanci Johnny Walker ne, sai ka ji kamar Johnny ɗin ne da kansa. Fim ɗin Chaudhvin Ka Chand na 1960 ya kawo masa kyautar Filmfare ta farko, Dosti na 1964 ya ƙara masa wata. A 1967 gwamnatin Indiya ta ba shi lambar yabo ta Padma Shri.

A wannan tsakanin ne ya saɓa da Lata Mangeshkar. Ita ta dage cewa mawaƙa su riƙa samun kaso daga cinikin faifai. Shi kuwa ya tsaya a kan cewa da zarar an biya mawaƙi kuɗin aikinsa, magana ta ƙare, tunda idan fim ya faɗi ba ya cikin masu asara. Suka yi shekaru ba sa waƙa tare. Masoyansa na kallon wannan a matsayin wadatar zuci. A ganina a nan Lata ce ke da gaskiya, domin matsayin da ya ɗauka ya fi yi wa masu shirya fim daɗi fiye da ƙananan mawaƙa.

Sai 1969 ta zo da fim ɗin Aradhana. Rafi ya yi waƙoƙi biyu a ciki, amma waɗanda Kishore Kumar ya rera wa Rajesh Khanna su ne suka karaɗe ƙasa. Rajesh Khanna ya zama tauraron da babu kamarsa, muryar Kishore ta manne masa, daga baya kuma ta manne wa Amitabh Bachchan. Farkon shekarun 1970 ya zama na Kishore. Rafi bai daina aiki ba, sai dai manyan waƙoƙin sun fi tafiya wajen abokin aikinsa.

Daga nan musun ya samo asali, kuma kowane ɓangare na da abin riƙewa.

Masoya Kishore na cewa bai taɓa zama gaban malamin waƙa ba, amma yana rera waƙa kamar yana yi maka magana, da murya mai kauri wadda ta dace da sabon zamani. Suna kuma ƙirga kyaututtuka: Filmfare takwas gare shi, Rafi shida. Masoya Rafi kuwa sai su tuna musu cewa a fim ɗin Ragini na 1958, inda Kishore ya fito a matsayin jarumi, da aka zo waƙa mai salon gargajiya Rafi aka kira ya rera masa. Wato mawaƙi ya motsa baki a kan muryar wani mawaƙin.

Gardamar ba ta ƙarewa saboda ba abu ɗaya ake aunawa ba. Mai son Rafi yana sauraron gwaninta da faɗin murya. Mai son Kishore yana sauraron yadda waƙa ke shiga jiki. Sau da yawa ma shekarun mutum ne ke yanke masa hukunci: wanda ya fara kallon fim a zamanin Dilip Kumar da wanda ya fara a zamanin Amitabh ba za su ji abu ɗaya ba. Ni dai idan aka ce a ɗauki mutum ɗaya ya rera ƙawwali da waƙar baƙin ciki da ta barkwanci a rana ɗaya, Rafi zan nuna.

Su biyun kuwa ba a san su da gaba ba. Sun yi waƙoƙi da dama tare, kuma a Amar Akbar Anthony na 1977 akwai waƙa guda da ta haɗa Rafi da Kishore da Mukesh da Lata. A shekarar ce Rafi ya dawo da ƙarfinsa: waƙarsa a Hum Kisise Kum Naheen ta ba shi Filmfare ta shida da kuma kyautar finafinai ta ƙasa. Wanda ya yi kiɗan kuwa R. D. Burman ne, makaɗin da aka fi dangantawa da Kishore. Sargam da Karz suka biyo baya, kafin mutuwa ta yanke masa hanzari.

Hatta yawan waƙoƙinsa abin musu ne. A ƙarshen rayuwarsa ya rubuta wa masu kundin Guinness yana ƙalubalantar adadin da suka ba Lata na waƙa 25,000. Masu bin diddigi daga baya sun nuna cewa alƙaluman da ake yaɗawa a kan su biyun duk an zuzuta su.

A 2010 an rushe kabarinsa tare da na wasu taurari, ciki har da Madhubala, domin a samar wa sababbin mamata wuri a maƙabartar Juhu. Masoyansa da ke zuwa duk ranar haihuwarsa da ranar rasuwarsa sun koma amfani da wata bishiyar kwakwa da ke kusa a matsayin alamar inda yake kwance.