Janar Wingate Da Sojojinmu A Dajin Bama

Waɗanda muka yi aji ɗaya da su za su tuna ranar da malaminmu na Tarihi ya ce kowa ya kawo wani tsohon abu daga gida, ni kuwa na zo da wata koɗaɗɗiyar malafar soja, aka yi ta yi mini dariya. Malafar nan ta kakana ce, Allah Ya jiƙansa, da ita ya dawo daga yaƙin Bama, ƙasar da a yau ake kira Myanmar. Sai da na shiga jami'a sannan na bi diddigin Baturen da ya yi sanadin kai su cikin dajin nan, watau Janar Orde Wingate. Tarihinsa nake so in ba ku a taƙaice.

An haifi Wingate a shekarar 1903 a ƙasar Indiya. Mahaifinsa hafsan sojan Ingila ne, gidansu kuma masu tsananin riƙo da addinin Kirista. Ya zama hafsa a 1923, ya koyi Larabci, sannan ya yi aiki a Sudan daga 1928 zuwa 1933, inda ya saba da sintiri a ƙafa da 'yan mutane kaɗan, nesa da bariki. A Falasɗinu, a 1938, ya kafa rundunonin farmakin dare, na sojojin Ingila da Yahudawa, don murƙushe boren Larabawa. Nan ne tarihinsa ya yi baƙin tabo, domin har yau masana na ambaton duka da kisa da aka yi wa mutanen ƙauyuka. A 1941 kuma ya jagoranci wata ƙaramar runduna a Habasha, ta taimaka wajen korar Italiyawa da mayar da Sarki Haile Selassie kan gadonsa. Bayan nan zazzaɓi da ɓacin rai suka haɗu masa a Alƙahira, har ya soka wa kansa wuƙa a wuya, amma da yake da sauran shan ruwa aka ceto shi.

Mutum ne mai baƙon hali. Yana ajiye gemu, yana cin ɗanyar albasa don yana ganin magani ce, yana ɗaura agogo mai ƙararrawa a hannu, kuma kullum yana sanye da irin hular nan da muke gani a tsofaffin hotunan Razdan da Di'o.

A 1942, lokacin da Japanawa suka mamaye Bama, aka kira shi Indiya. Dabararsa ita ce a tura sojoji ayari-ayari can bayan abokan gaba, babu mota babu hanya, a riƙa kiran jirgin sama ta rediyo yana jefo musu abinci da harsashi da laima. Aka sa wa rundunar suna Chindit, daga sunan gunkin zaki da ke gadin wuraren ibadar mutanen Bama. A Fabrairun 1943 mutum kimanin 3,000 suka haye kogin Chindwin, suka lalata hanyar jirgin ƙasa a wurare da dama. Fiye da 800 ba su dawo ba. Wanda ya ji rauni har ya kasa tafiya, sau da yawa a nan ake barinsa.

Kayan da suka yi yaƙin da su abin lura ne. Kakin da aka saba da shi yana da haske a cikin kurmi, don haka aka rina shi kore. Kowane soja na ɗauke da kayan da suka kai kimanin kilo 30, ga bindiga da harsashi, ga bargo da guzuri. Manyan kaya kamar rediyo alfadarai ke ɗauka, kuma sai da aka yi wa alfadaran aiki a maƙogwaro don kada kukansu ya tona asiri. Duk da haka, zazzaɓin cizon sauro da atini da matsattsaku da yunwa sun yi musu ɓarna ƙwarai.

Firayim Minista Churchill ya yaba da aikin, ya tafi da Wingate taron Kwibek a Agustan 1943, aka ƙara masa mutane da jiragen Amurka. A karo na biyu ne mutanenmu suka shiga. An ba shi bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta rundunar Nijeriya, waɗanda da yawansu 'yan Arewa ne. Daga 5 ga Maris, 1944, aka fara saukar da sojoji cikin daji da dare, wasu a jirage marasa inji da ake ja da igiya. Aka kafa sansanoni kewaye da ramuka da waya mai ƙaya, irin su Aberdeen da White City, aka ba sojojinmu tsaronsu. Kakana yakan ce bayan bindiga ba abin da ya kai adda amfani, da ita ake sare hanya, da ita ake kafa bukka.

Wingate bai ga ƙarshen aikin ba. Ranar 24 ga Maris, 1944, jirgin da yake ciki ya faɗi a duwatsun Manipur, duk wanda ke ciki ya mutu. Shekarunsa 41. A 1950 aka kai abin da ya rage na gawarwakin aka binne su tare a maƙabartar Arlington ta Amurka. Har yanzu masana na jayayya ko ribar aikinsa ta kai asarar rayukan da aka yi.

Abin da ke ci mini rai shi ne, littattafai da dama aka rubuta a kan Wingate, amma ni da nake jikan wanda ya yi yaƙin ban taɓa zama na tambaye shi sunan ko da abokinsa ɗaya da ya rasu a can ba. Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu, duk mai lambar yabo ko hoto ko takardar sallama ta wani kakansa, ya kawo a taronmu na gaba, mu ɗauki hotonsu, mu rubuta sunayen masu su, mu ajiye a laburaren makaranta. Ni zan zo da malafar. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.